Tonon Gidajen Mesofotamiya: Yadda Ake Raba Ƙasa da Ƙasa

A kudancin Iraƙi, tsakanin kogin Dijla da na Furat, babu dutsen gini, katako ma sai na dabino da 'yan itatuwan bakin ruwa. Abin da kogunan suka wadata mutane da shi laka ce. Da ita suka yi bulo, da ita suka yi yaɓe da daɓe, tukunya da tanderu, akwatin gawa, takardar bashi da wasiƙa, a wani zamani har lauje. Shi ya sa tonon gida a tsofaffin biranen wannan yanki na Mesofotamiya, kamar Ur ko Nippur, ya fi na ƙasar da ake gini da dutse wahala nesa ba kusa ba. Bangon ƙasa ne, abin da ya cike ɗakin ƙasa ce, abin da ake nema a ciki shi ma ƙasa ce. Mai kallo a gidan tarihi yana ganin allon laka a bayan gilashi ya ɗauka shi ne ribar aikin, alhali rabin shaidar allon tana wurin da ya kwanta, wurin kuwa ba ya bayyana kansa sai an yi masa tambayoyi.

Tudun da ake tonawa, wanda mutanen wurin ke kira tal, gidaje ne a kan gidaje. Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san katanga daga gindi take mutuwa. Damshi yana hawowa da gishiri, ya bushe a fuskar bulo, gishirin ya riƙa marmashe ta har gindin ya rame, saman ya kife. Mai gida ba ya kwashe ɓaraguzan. Yakan zare azara da ƙyaure, don su ne masu tsada, ya tura saman bangon cikin ɗakuna, ya baje, ya daddale, ya ɗora sabon gini a kan kututturen tsohon. A waje kuma lungu yana ta tashi da toka da shara. A Ur an samu gidajen da aka riƙa ɗaga musu dokin ƙofa ana ƙara matakalar sauka, har ɗaki ya koma kamar rami, dole a sake gini. Da haka tudun Nippur ya kai kusan mita 20 a kan filin da ke kewaye da shi.

Turawan da suka fara tono a ƙarni na 19 sun saba da fadojin Ashurawa na arewa, inda faffaɗan duwatsu masu zane ke jere a jikin bango, sai dai a bi su. Da suka gangaro kudu sai ido ya rasa abin bi. A Tello, inda Bafaranshe Ernest de Sarzec ya fara aiki a 1877, an fito da gumakan sarki Gudea da dubban alluna, amma an sare bangaye da yawa ba tare da an san bango ne ba. Jamusawa ne suka gyara wannan: Robert Koldewey a Babila daga 1899 zuwa 1917, da Walter Andrae a Ashur daga 1903 zuwa 1914. Ma'aikatan da aka horar daga garin Shirƙat, kusa da Ashur, suka mayar da abin sana'ar gado, 'ya'yansu da jikokinsu suka zama gwanayen gano bango a wuraren tono na Iraƙi.

Ga yadda ake yi. Ana kankare saman ƙasa da faffaɗan shebur ko cokalin magini har ya yi sumul, a share, a duba da sassafe lokacin da rana ke kwance, ko bayan yayyafi. Bulo da ciko ba sa riƙe damshi daidai, don haka launinsu kan bambanta na ɗan lokaci, layukan kwaɓin da ke tsakanin bulo su fito kamar zane. A Abu Salabikh, ƙarƙashin jagorancin Nicholas Postgate daga 1975, da wannan kankara kaɗai aka zana taswirar unguwanni, lungu da gida, kafin a shiga ƙasa. Idan an ga layin bango, mai ƙaramar diga zai tunkare shi daga cikin ɗaki, yana sara a hankali. Ciko yana da sako-sako, yakan ɓalle da kansa daga jikin yaɓe ya bar fuska mai santsi, ƙarar digar ma tana canzawa idan ta taɓa bulo. Yaɓen nan, wanda sau da yawa bai kai kaurin yatsa ba, shi ne hujjar cewa an iso bango na gaskiya.

Kuskure biyu ne ke yawan faruwa. Na farko a sassaƙa bangon da babu shi: mai tono ya sa a ransa cewa bango ya kamata ya bi nan, sai ya bar ƙasa a tsaye ya gyara mata fuska, a auna a zana a taswira. Maganinsa a nemi layin kwaɓi a sama da yaɓe a gefe, in babu ko ɗaya a yi shakka. Na biyu ya fi ɓarna, kuma ƙwararrun da ma sun yi shi: a haƙa siririn rami a bi jikin bango don a fito da siffar gida da wuri. Taswira za ta yi kyau, amma an yanke mahaɗar daɓe da bango. A wannan kusurwa ce ake ganin ko daɓen ya hau jikin bangon, wato zamaninsu ɗaya, ko kuwa ramin harsashin bangon ne ya yanke daɓen, wato bangon ƙane ne. Da zarar an kwashe ƙasar wurin, ba mai iya mayar da ita. Saboda haka yanzu ake barin gefen rami a tsaye, a zana shimfiɗun ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambarta.

Bulon kansa yana faɗin shekarunsa. Tsakanin wajen 2900 da 2350 kafin Miladiyya an yi yayin bulo mai lebur a ƙasa da ƙusumbi a sama, sau da yawa da shatar yatsa, ana jera shi a karkace kamar ƙayar kifi. A zamanin Hammurabi, sarkin Babila, bulon gida ya kai kimanin santimita 25 a tsawo, 17 a faɗi, 8 a kauri. A Babilar zamanin sarki Nebukadnezzar ya koma murabba'i, wajen 33 kowane gefe. A gidajen Ur masu hali kan sa jan bulo a layukan ƙasa don damshi, sama kuma ɗanye.

Babbar matsalar tana cikin ɗaki. Abin da aka samu a ɗaki ba lallai ne abin da aka yi amfani da shi a ɗakin ba. Yawancin gidaje ba mutuwar fuju'a suka yi ba, tashi aka yi. Mai tashi kuwa yana kwashe tukwanensa masu kyau da kayan ƙarfensa, ya bar abin da ba ya so. Daga nan maƙwabta su mayar da kangon juji, ko magini ya kawo ƙasa daga wani wuri ya cike. Don haka mai tono yana rarrabe abu uku: abin da ke kwance a kan daɓe, abin da ya faɗo tare da rufi, da cikon da aka zuba daga baya. Tulun da rufi ya danne a inda yake, tsingaronsa na wuri ɗaya, bakinsu da kaifi, suna haɗuwa su ba da tulu guda. Tsingaron ciko kuwa a tsaitsaye yake ta ko'ina, bakinsa ya goge, guda ɗari ba za su haɗa kasko ɗaya ba, kuma za a ga na zamani daban-daban a cakuɗe. Rufin da ya faɗo ana gane shi da dunƙulen laka mai shatar tabarmar kara a gefe guda.

Wani ƙaramin gida a Nippur, wanda masu tono suka sa wa suna Gida F, ya nuna wannan ƙarara. Ayarin jami'o'in Chicago da Pennsylvania ne ya tone shi a 1951 zuwa 1952. Faɗinsa bai wuce murabba'in mita 45 ba, amma an fitar da gutsattsarin alluna fiye da 1,400 daga cikinsa, kusan duka aikin ɗalibai: jerin alamomin rubutun ƙusa (rubutunsu da ake dannawa a laka), jadawalin lissafi, karin magana da waƙoƙin harshen Sumer, tsohon harshen yankin, da ake kwafa. Makaranta ce ta cikin gida, wajen 1740 kafin Miladiyya. Sai dai ba a kan kanta aka same su a jere ba. An same su a cikin daɓe, cikin bango, cikin dakali, an yi ciko da su bayan makarantar ta tsaya. A gidan akwai kuma akwatunan gini inda ake jefa allon da aka gama da shi a jiƙa a sake murje lakar, kamar yadda almajiri ke wanke allonsa ya sake rubutu. Ma'anar wannan ita ce abin da ya iso mana shi ne wanda bai samu komawa cikin ruwa ba. Wanda ya ƙirga alluna ɗaki-ɗaki ya ce ga ajin lissafi ga ajin waƙa, wurin da magini ya juye kwando kawai ya ƙirga. Eleanor Robson, da ta bi allunan a Bagadaza da Chicago da Philadelphia inda aka rarraba su, daga abin da ke rubuce gaba da bayan kowane allo ta fitar da tsarin karatun, wane darasi ke bin wane.

A Ur ma haka ta faru. Leonard Woolley, wanda ya yi tono a can daga 1922 zuwa 1934, ya samu tarin allunan ɗalibai a wani gida ya ce ga makaranta, har ya ambaci sunan malaminta. Da Dominique Charpin ya sake bin bayanan, sai ya nuna cewa allunan sun fi kama da shara da aka yi ciko da ita. Woolley gwani ne, kuma da ba don ya buɗe unguwa sukutum ba da ba mu san kamannin lungun Ur ba. Amma da ɗaruruwan lebura yake aiki, alluna da yawa lamba ɗaya aka ba su a dunƙule, ba a rubuta ko a kan daɓe suke ko a ƙarƙashinsa ba. Wannan giɓin har yau masana na fama da shi.

Gobara ce ke ba da akasin haka. A Tell ed-Der, tsohuwar Sippar-Amnanum kusa da Bagadaza, 'yan Beljiyam sun tone gidan Ur-Utu, shugaban masu waƙar makoki na haikalin allahiya Annunitum. Gidan ya ƙone wajen 1629 kafin Miladiyya, da alluna kimanin 2,000 a ciki: takardun filaye, na bashi, wasiƙu. Yadda wasu suka zube a hanyar fita ya sa masu binciken suka fahimci cewa ana cikin kwashe mafi muhimmanci ne wuta ta ci ƙarfin masu kwasar. A irin wannan gida kaɗai ake iya cewa ga abin da mai gida ya ajiye tare, ga abin da ya fi tsoron rasawa.

Alluna na da wata fa'ida da tsingaro ba shi da ita: takardun ciniki na ɗauke da rana da wata da sunan shekarar sarki. Nan ma sai an yi hattara. Allon da ke cikin ciko a ƙarƙashin daɓe abu ɗaya yake tabbatarwa, cewa an yi daɓen bayan an rubuta shi, ko da shekara ɗaya ko da ɗari. Takardar sayen gida kuwa ana gadonta, ana miƙa wa sabon mai saye tsofaffin takardu, don haka tsohon allo a kan daɓe ba ya tsofar da gidan. Mafi ƙuruciyar allo ake dubawa. A unguwannin Ur kwanan watan yana tsayawa wajen 1740, zamanin Samsu-iluna ɗan Hammurabi, lokacin da biranen kudu suka yi masa tawaye ya murƙushe su, kuma gidaje da dama na ɗauke da shatar wuta.

Fitar da allon daga ƙasa wani aiki ne daban. Yawancinsu ba gasassu ba ne, shanya su kawai aka yi. Wanda ya kwana shekara dubu huɗu a ƙasa mai damshi yakan yi laushi kamar sabulun da ya jiƙa, buroshi ɗaya zai share layin rubutu. Ba a wanke shi, ba a goge shi, ba a barin rana ta buge shi, domin in fatar ta riga cikin bushewa sai ta tsattsage ta ɓare, rubutun kuwa a fatar yake. Ana yanko shi tare da ƙasar da ke manne da shi, a ajiye a inuwa ya bushe a hankali kwana da kwanaki. Bayan nan abokin gaba shi ne gishiri. Duk lokacin da iska ta yi damshi ta bushe, gishirin cikin allon yana narkewa ya sake daskarewa, ya fito kamar farar kanwa yana ture alamomin. Ba a iya jiƙa ɗanyen allo a cire gishiri, zai narke. Shi ya sa aka daɗe ana gasa su tukuna. Woolley yakan sa su cikin gwangwani a cike da yashi mai tsabta ya gasa a wurin tono. A gidan tarihi na Birtaniya an daɗe ana kai wutar digiri 740, daga baya aka sauko da ita 630, saboda lakar Iraƙi na da alli a jiki, in zafi ya yi yawa allin kan rikiɗe ya zama farar ƙasa mai shan damshi, ta kumbura ta fasa allon daga ciki. Zafin ma a hankali ake hawa da shi, in ba haka ba tururin da ya rage a ciki ya tarwatsa shi. Bayan an gasa sai a jiƙa a ruwa ana canzawa har gishirin ya fita.

Gasa allo na ceton rubutu, amma ba a komawa baya, kuma yana ƙone abin da ke cikin lakar. A 2023 masu bincike sun fitar da ƙwayoyin halittar tsirrai iri-iri daga cikin wani ɗanyen bulo na fadar sarkin Ashurawa Ashurnasirpal na biyu a Nimrud. Da an gasa shi da babu wannan. Yanzu an fi karkata ga daidaita damshin ma'aji da ɗaukar hoto da haske daga kusurwoyi da yawa, wasiƙar da ke rufe cikin ambulan ɗinta na laka kuma a leƙa ta da na'urar hoton ciki irin ta asibiti maimakon a fasa.

Ƙananan abubuwa sun fi alluna faɗin yadda aka zauna a gida. Dunƙulen laka mai hatimi, kowa fuskarsa yake kallo don zanen, amma bayansa ne ke da labari: shatar igiya da turke na nufin ƙofar ɗakin ajiya aka rufe, shatar wuyan tulu da ƙyalle na nufin kaya ne aka aiko, shatar saƙa na nufin kwando. In hatimin mutum ɗaya ya yi ta maimaituwa a kan lakar ƙofa, an san mai riƙe da ɗakin ajiyar gidan. Tanderu, wanda ake kira tinuru a harshen Akad na mutanen wancan zamani, ana manna masa burodi a ciki kamar yadda ake gasa gurasa a Kano, kuma da yake ba ya ɗaukuwa, inda yake nan ne madafa. Gululun mazari na nuna kaɗi. Akwai 'yan faifan yumɓu da ake bugawa da mazubi ɗaya, masu hoton alloli ko mawaƙa ko mace da jariri, da 'yan gadaje da kujeru na yumɓu. Ana samun su a gida da lungu da juji, galibi a karye, kuma rubuce-rubucen zamanin ba su yi bayaninsu ba, don haka duk wanda ya yanke cewa kayan wasa ne ko kayan bauta ne ya wuce abin da shaida ta ba shi. Na Ashur sun fi sauƙin fahimta: 'yan gumakan tsari da aka binne cikin akwatin bulo a ƙarƙashin daɓe, wasu da rubutun korar sharri da kiran alheri a jikinsu, kuma an samu allunan da suka bayyana yadda ake yin su da inda ake binnewa.

Daɓen kansa ana karanta shi. Ana yanko dunƙulensa, a shayar da shi danƙo ya daskare, a fere shi har ya kai siririn da haske ke ratsawa, a duba a madubin ƙara girma. Nan ake ganin shafe a kan shafe na ɗakin baƙi da ake sharewa kullum, shatar tabarma, kashin awaki, ɓawon da ruwan sama ke bari a filin da ba rufi. Wendy Matthews ta yi wannan a Abu Salabikh. Ƙasar kuma ana tankaɗe ta, wata a zuba a ruwa, ƙonannen sha'ir da ƙwallon dabino su taso sama, ƙayar kifi ta zauna a rariya.

Abin da ke rikita lissafi shi ne ramukan da mazauna gidan suka haƙa da kansu. Mutanen Ur na binne matattu a cikin gida, manya a kabarin bulo mai baka ƙarƙashin ɗakin ibada ko a akwatin yumɓu, jarirai a tukunya. Masai kuma zobban yumɓu ne da ake jerawa a rami mai zurfin mitoci, a cusa tsingaro a kewaye don ruwa ya tsane. Kowane irin ramin nan yana huda zamanin da ke ƙasa, ya kai sabon abu ƙasa ya fito da tsoho sama. In ba a gano bakin ramin an kwashe cikinsa daban ba, tukunyar jika za ta shiga lissafin kaka.

Siffar gida ma ba ta tsayawa. Ana auna gida da sar, kimanin murabba'in mita 36, dokokin Hammurabi ma sun yanka wa magini shekel 2 (ma'aunin nauyi ne) na azurfa a kan kowane sar. Takardun rabon gado na lissafa ɗakuna da ƙyamare ɗaya-ɗaya, a Nippur babban ɗa na samun ƙarin kashi ɗaya cikin goma. Elizabeth Stone ta ɗora irin waɗannan takardu a kan taswirar gidajen da aka same su, sai ga ƙofar da aka toshe da bangon da aka tsaga ɗaki da shi sun yi daidai da rabon 'yan'uwa da cinikin da ya biyo baya. Inda takarda ba ta taimaka ba gardama na nan. Woolley ya zana gidan Ur da bene da baranda ta katako kewaye da tsakar gida, hujjarsa matakala da kaurin bango. Amma matakala na iya kaiwa saman soro kawai, inda ake kwana da zafi, kuma bangon da ya rage bai kai tsayin da zai raba gardamar ba.

Allon da ya fi kowane shahara a intanet daga irin wannan gida ya fito: wasiƙar da Nanni ya aika wa ɗan kasuwa Ea-nasir wajen 1750 kafin Miladiyya, yana kukan an ba ɗan aikensa jan ƙarfe marar kyau an kuma wulaƙanta shi. Don an san gidan da ta fito a Ur, an san ba ita kaɗai ba ce, akwai wasu wasiƙun masu bin sa kaya, an san yana fatauci zuwa Dilmun, Bahrain ta yau, an kuma ga an yanke wani sashe na gidan an haɗe da na maƙwabci. A gwada wannan da abin da ya biyo bayan mamayar Iraƙi ta 2003, lokacin da masu haƙar sata suka mayar da tuddan tsofaffin biranen Umma da Isin kamar saƙar zuma. A 2017 kamfanin Hobby Lobby na Amurka ya biya tarar dala miliyan 3 ya kuma sallama dubban kayan Iraƙi da aka shigo da su ta ɓarauniyar hanya. A cikinsu akwai ɗaruruwan alluna daga wani birni mai suna Irisagrig. An karanta su, an san sunayen ma'aikata da abincin da aka raba musu, an san kwanan wata. Ɗakin da suka kwanta, da ginin, da tudun da birnin yake, har yanzu masana na ta hasashe a kan taswira.